Wasiƙar Akawu: Gwamna Kilinton da Wuƙar da Ya Wasa

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ba ni filina na kowane mako. Yau zancen wani Gwamna ne na jihar Niyu Yok ta ƙasar Amurka, sunansa Diwit Kilinton, wanda aka haifa a 1769. Ba shi ne wanda ya hau shugabancin Amurka a 1993 ba, kada masu karatu su rikice.

Ya fara da aikinmu, watau aikin alƙalami, gama magatakardan baffansa ne, Gwamna Joji Kilinton. A zamanin nan jihar tana da wata majalisa ta mutum biyar, Gwamna da dattawa huɗu, ita ke naɗa kusan dukan ma'aikata, tun daga magajin gari har zuwa akawun kotu. Da Kilinton ya sami kujera a cikinta a 1801, sai ya shiga tuɓe mutanen jam'iyyar da ta faɗi zaɓe, yana cusa nasa. Ba a tambayar ko mutum ya iya aiki, sai dai a tambayi wa ya ke bi. To, jama'a, ku duba: sau uku ya yi magajin garin Niyu Yok tsakanin 1803 da 1815, sau uku kuma majalisar nan tana tuɓe shi. A 1812 ya nemi shugabancin ƙasa duka, Madisan ya kā da shi.

Abin da ya ɗaukaka sunansa hanyar ruwa ce. Manoman yamma suna da alkama, amma duwatsu sun raba su da bakin teku, kuɗin dako ya cinye riba. Kilinton ya tsaya kai da fata a haƙa wa jirage hanya daga tabkin Iri zuwa kogin Hadsan, mil 363. Gwamnatin tarayya ta ƙi ba da ko anini. Abokan gaba suka riƙa kiran abin Ramin Kilinton, don ba'a. Ya zama Gwamna a 1817, ran 4 ga Yuli aka fara haƙa, da kuɗin da jihar ta ranto. Faɗin hanyar ƙafa 40, zurfinta ƙafa 4 tak. Da ya ke tabkin ya fi kogin tudu da ƙafa 560 da wani abu, sai aka gina ɗakunan ruwa 83 masu ƙyamare. Jirgi ya shiga ɗaki, a rufe, a sako ruwa har ya ɗago shi, sa'an nan a buɗe na gaba, kamar mai hawan matakala. Dawaki da alfadarai ke jan jiragen daga gaɓa.

Ga inda na ke so 'yan'uwana akawuna su kasa kunne. A 1824 Kilinton ba ya bisa gadon mulki, ba abin da ya rage masa sai kujerarsa cikin hukumar haƙar, wadda ya riƙe tun 1810 ba albashi. Cikin watan Afrilu, ranar da majalisar dokoki za ta tashi, mutanen Matin Ban Buren suka kawo shawara a fitar da shi, aka fitar, ba tare da an ɗora masa laifin kome ba. Da wuƙar da ya wasa aka yanke shi, ni kuwa ban ga bakin da zai yi kuka da shi ba. Amma talakawa ba haka suka duba ba. Su ruwa suka gani yana gudu inda dā daji ne. Aka yi ta taro gari gari ana la'antar majalisa, da zaɓe ya zo cikin Nuwamba suka mai da shi Gwamna da rinjayen ƙuri'a fiye da 16,000. Garin neman gira, mutanen Ban Buren suka rasa ido.

Saboda haka shi ya buɗe hanyar. Ran 26 ga Oktoba 1825 ya shiga jirgi a Bafalo, ana buga igwa daga zango zuwa zango don kai labari. Ran 4 ga Nuwamba ya isa Niyu Yok, ya juye gangar ruwan tabki cikin teku. An kashe wajen dala miliyan 7, amma dakon tan guda, wanda dā ya kai dala 100, ya faɗo wajen 10.

Ya rasu a Albani ran 11 ga Fabrairu 1828 yana kan mulki. Bashi ya bari, har masu bin sa suka sa aka yi gwanjon kayan gidansa.

Wassalam,
Naka, Akawu.