Rawar Gargajiya Ba Ta Gaduwa Sai Da Mai Koyarwa

Duk wanda ya taɓa halartar bikin Barebari a Yerwa a daren wushe-wushe ya ga yadda mata ke takawa sannu a hankali cikin lafaya, ganga kura da algaita na tashi. Babu wadda ta koyi wannan a aji. Yarinya takan tsaya bayan uwarta ko gwaggonta tana kwaikwayo har ƙafarta ta saba, ɗan makaɗi kuma yakan yi shekaru yana ɗaukar wa ubansa ganga kafin a bar shi ya buga. Ta haka rawar Maliki ta Barebari da Bansuwe ta mutanen Biu suka kawo yau.

To, amma tun daga tarzomar da ta ɓarke a Maiduguri cikin 2009, ƙauyuka da yawa sun watse, yara da dama kuwa sun tashi ba su san dandali ba. Tsohon makaɗi in ya kwanta dama bai koya wa kowa ba, da abin da ya sani ake binne shi.

Akwai abin koyi a tsibiran Hawayi da ke tsakiyar tekun Fasifik. Mutanen can suna da rawar da suke kira hula, wadda ake haɗawa da waƙoƙin tarihi da na asalin sarakuna. A 1830 Sarauniya Ka'ahumanu ta hana yin ta a bainar jama'a, amma malamanta suka ci gaba da koyarwa a ɓoye, har Sarki Kalakauwa ya dawo da ita fili a bikin naɗinsa cikin 1883. Yanzu suna da gidajen koyo da ake kira halau, inda ɗalibi ke shafe shekaru a hannun malami kafin a yaye shi. Tun 1964 kuma ake bikinta a garin Hilo.

Ashe ke nan malami da almajiri su ne suka tsare hula. Ya kamata Hukumar Al'adu ta Jihar Borno da Jami'ar Maiduguri su nemo tsofaffin makaɗa da masu rawa, su ba su wuri da ɗan abin masarufi, a tara musu yara. Ɗaukar hoto da murya yana da amfani, amma na'ura ba ta gyara wa yaro taku. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.