A auna kogin, ba girman matatar ba

Ilkley ƙaramin gari ne a yankin Yorkshire da ke arewacin Ingila, a bakin kogin Wharfe. Da bazara iyalai kan yi dafifi a gaɓar kogin, yara na ta iyo. Garin yana da matatar ruwan datti da kamfanin Yorkshire Water ke gudanarwa, don haka a takarda komai lafiya lau. Sai dai masu kamun kifi da mazauna garin sun daɗe suna ganin tarkacen bayan gida maƙale a ciyayin gaɓa. Ruwa kuwa ba ya tsami banza.

Tushen matsalar na ƙarƙashin ƙasa. A yawancin tsofaffin garuruwan Ingila, bututu guda ne ke kwasar ruwan sama da na bayan gida. In aka tafka ruwa, matata ba ta iya ɗaukar abin da ke kwararo mata, sai a saki rarar cikin kogi ba tacewa, don kada ƙazanta ta koma gidajen mutane. An tanadi wannan ƙofa ne domin ruwan sama mai ƙarfin gaske. Mutanen Ilkley suka lura ana buɗe ta ko da ruwan bai taka kara ya karya ba.

Abin da suka yi shi ya sa nake kawo labarinsu. A 2018 suka kafa ƙungiyar kare kogin. Suka riƙa ɗibar ruwa ana auna ƙwayar cutar E. coli a ciki, suka ƙirga masu shiga wanka, sannan suka nemi gwamnati ta amince da wurin a matsayin wurin iyo a hukumance. A Disambar 2020 aka amince, Wharfe ya zama kogi na farko a Ingila da ya sami wannan matsayi. Daga nan doka ta wajabta wa Hukumar Kula da Muhalli auna ruwan tun daga tsakiyar Mayu har ƙarshen Satumba, ta kuma bayyana sakamakon.

Sakamakon farko ya jefa kogin a mataki mafi ƙasa, aka shawarci jama'a kada su shiga. Wani zai ce garin ya tona wa kansa asiri. Wani kuma zai ce ba matatar kaɗai ce mai laifi ba, ai kashin dabbobi daga gonakin da ke sama ma yana gangarowa. Magana ta biyu gaskiya ce, amma awo ne kaɗai ke iya raba wa kowa kasonsa na laifi. Ta farkon kuma ban yarda da ita ba. Wannan mummunan sakamako shi ne ya mayar da ƙorafin 'yan gari hujjar da kamfani ba zai iya musantawa ba, har ya shiga aikin shimfiɗa sabon babban bututu.

A wajenmu an saba yin murna ranar yanke ƙyallen buɗe aiki, daga nan ba mai sake tambaya. Kogin Jakara yana kwashe dattin birnin Kano da na masana'antun Bompai zuwa madatsar Wasai, manoman rani na ban ruwan latas da kabeji da shi. Kogin Challawa kuma yana karɓar ruwan masana'antun jima, waɗanda ke aiki da sinadarin kromiyam. Jami'o'inmu sun sha yin bincike a kan waɗannan ruwaye, amma manomin da ke tsaye a cikinsu ba kasafai yake jin abin da aka gano ba.

Gina matata wajibi ne. Amma kowace yarjejeniyar gina ta ya kamata ta zo da sharaɗi: wata hukuma dabam, ba mai matatar ba, ta riƙa auna ruwan kogi sama da bakin bututu da ƙasansa kowane wata, a karanta sakamakon a rediyo da Hausa.