Wa Ya Zaɓi Shugabar Matan 'Yan Sanda?

Yau maganar bariki na kawo muku. Na san waɗansu za su ce ina ruwan malamar firamare da sha'anin 'yan sanda. To, ruwana shi ne a ajina akwai 'ya'yan 'yan sanda, kuma iyayensu mata su ne ke zuwa wurina in an kori yaro saboda littafi ko riga. Banda wannan kuma, da wuya a sami zuriya a Birnin Kebbi ko Argungu wadda ba ta aurar da 'yarta ga ɗan sanda ba, ko ɗanta bai sa kaki ba.

Akwai ƙungiyar matan 'yan sanda ta ƙasa, wadda aka fi sani da POWA. An kafa ta a 1964, watau shekarar da Louis Edet ya zama ɗan Nijeriya na farko da ya riƙe muƙamin Sufeto Janar. Aikinta na alheri ne ba shakka: taimakon matan da mazansu suka rasu a bakin aiki, kula da marayu, buɗe makarantu, koyar da sana'a, da gina shaguna ana ba da haya. Amma ga inda gizo ke saƙa. Kujerar shugabar ƙungiyar ba a jefa mata ƙuri'a. Matar Sufeto Janar ita ce shugaba ta ƙasa, matar Kwamishinan 'Yan Sanda kuwa ita ce shugabar reshen jiha. Ranar da aka naɗa miji, ran nan matarsa ta hau. Ranar da aka ɗauke shi, ita ma ta naɗe tabarmarta.

Ku dubi lissafin nan ku gani. An naɗa Suleiman Abba Sufeto Janar a 2014, Solomon Arase a 2015, Ibrahim Idris a 2016, Mohammed Adamu a 2019, Usman Alkali Baba a 2021, sa'an nan Kayode Egbetokun a 2023. Mutum shida ke nan cikin shekara tara, kuma duk sa'ad da aka sake mai gida sai kujerar mata ita ma ta sake hannu. A 2023 Hajiya Hajara Alkali Baba ta miƙa ragama ga Madam Elizabeth Egbetokun. Ba laifi aka kama ta farko da shi ba, ba kuwa tsayawa ta biyu ta yi aka zaɓe ta ba. Kujerun mazansu ne suka motsa. Kwamishinonin jiha kuwa sun fi haka saurin tashi, don sau da yawa ba su cika shekara biyu wuri guda. Baiwar Allah za ta iso Birnin Kebbi daga wata jiha mai nisa, kafin ta san hanyar Argungu daga ta Jega, kafin ta gane wace ce mai gaskiya wace ce mai daɗin baki a cikin masu kewaye ta, sai takardar canji ta iso. Aikin da ta fara ya tsaya, wadda ta gaje ta kuma ta zo da nata sabon shiri, don kowa so take a ce ita ta yi.

Kada a ce ina zagin matan manya. Ba haka nake nufi ba ko kaɗan. A cikinsu akwai masu tausayi ƙwarai, masu fid da na aljihunsu. Kuma wannan tsari ba 'yan sanda kaɗai ke binsa ba. Haka matan hafsoshin soja suke yi. Marigayiya Maryam Babangida ta shugabanci ƙungiyar matan hafsoshin soja ne a lokacin da mijinta yake Hafsan Hafsoshin Sojan Ƙasa, kuma a nan ta goge kafin ta kafa shirin kyautata rayuwar matan karkara a 1987. Ashe ana iya dacewa da mai himma. Abin da nake cewa shi ne dace ake yi, alhali kuwa kuɗin marayu bai kamata a jingina shi ga dace ba.

Akwai kuma wata tambaya da waɗanda suka tsara abin ba su yi tunaninta ba, don al'adar Turawa suka kwaikwayo, ta mace ɗaya. A ƙasarmu mutum yana da mata biyu ko uku. To, wace ce shugaba? Uwargida da ta sha wuya da shi tun yana kurtu suna ɗaki ɗaya a bariki, ko amarya mai takardar makaranta da ta iya jawabi? Wanda zai yanke wannan hukunci shi ne mijin, a cikin ɗakinsa, sa'an nan mata ɗari-ɗari su bi. In kuma aure ya mutu, shugabanci ya mutu tare da shi ko da ita ce ta fi kowa iya riƙon amana.

Masu kare tsarin suna da hujjarsu, kuma ya kamata mu saurare su da kyau. Suna cewa aikin ɗan sanda aikin ladabi da biyayya ne. In aka buɗe ƙofar takara a bariki, matar saje ta kayar da matar Difi'o, gobe da wane ido saje zai dubi mai gidansa a fareti? Ko kuwa ba za a wayi gari a ga an tura shi wani ƙauye can bakin iyaka ba? Suna kuma cewa matar Kwamishina ita ce ƙofar Gidan Gwamnati ke buɗe wa, ita ce attajirai ke jin kunyar hana ta gudummawa. Matar kofur in ta je, a bakin ƙofa za a tsai da ita. Wannan gaskiya ne, ba na musu. Har wa yau dokar ƙungiyoyin ƙwadago ta Nijeriya ta hana 'yan sanda kafa ƙungiya irin tamu ta malamai, wadda aka kafa tun 1931 kuma muke zaɓen shugabanninta. Manya ba su manta da Fabrairun 2002 ba, sa'ad da ƙananan 'yan sanda suka yi yajin aiki saboda haƙƙoƙinsu da aka riƙe, har abin ya kai Shugaba Obasanjo ya sauke Sufeto Janar Musiliu Smith ya naɗa Tafa Balogun. Tun daga ran nan duk wani abu mai kama da taron ƙananan ma'aikata a bariki ana yi masa kallon hadarin kaka.

Amma fa hana yajin aiki daban, hana zaɓe daban. A Ingila 'yan sanda sun yi yaji a 1918 da 1919. Gwamnati ta yi doka a 1919 ta haramta musu yaji da shiga ƙungiyar ƙwadago, amma a cikin wannan dokar ce ta kafa musu tarayyarsu ta kansu, inda ƙananan ma'aikata ke zaɓen wakilan da za su kai kukansu gaba. Shekara fiye da ɗari ke nan, ladabi bai rushe ba. A Amurka kuwa wasu 'yan sandan sintiri su biyu, Martin Toole da Delbert Nagle, suka kafa ƙungiyar zumunta ta 'yan sanda a birnin Pittsburgh a 1915. Rassanta su ke tsai da 'yan takara su zaɓi shugabanninsu, kuma duk shekara biyu wakilai kan taru su zaɓi na ƙasa baki ɗaya. To, in masu riƙe da bindiga da kansu suna jefa ƙuri'a, me zai sa a ji tsoron ƙuri'ar matan da abin da ke gabansu bai wuce kuɗin makarantar yara da injin niƙa ba?

Ku tuna kuma da wa abin ya fi shafa. A watan Afrilu na 2021 'yan bindiga suka kashe Difi'o da waɗansu 'yan sanda takwas a Ƙaramar Hukumar Sakaba, nan jiharmu. A watan Yuni na shekarar, ranar da aka kwashe ɗalibai a Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri, an kashe ɗan sanda mai gadin wurin. Yawancin waɗanda ke faɗuwa a irin wannan hali ƙanana ne, kurtu da kofur da saje da sufeto. Matansu ne ke shiga takaba, su ne ke bin ofis-ofis da takardu ana ce musu su dawo gobe, su ne kuma wata rana za a ce su bar ɗakin bariki don wani ya shiga. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Matar da ta taɓa bin wannan hanya ta san takardar da ake nema da wadda ba a nema, ta san gidan da aka kwana ba a ɗora tukunya ba. Ga shi kuwa tsarin da ya rataya komi ga girman miji ya sa ranar da mijinta ya faɗi, ran nan muryarta ta fi ƙanƙancewa.

Ni dai shawarata mai sauƙi ce, kuma ba ta taɓa martabar kowa. A bar matar Kwamishina a matsayin uwar ƙungiya. Ita ce za ta zauna a kujerar gaba, ita za ta shige gaba in za a je Gidan Gwamnati, a ba ta girmanta cikakke. Amma mai tafiyar da aiki yau da kullum, da sakatariya, da ma'aji, da mai binciken kuɗi, waɗannan mata su zaɓe su daga cikinsu, na shekara biyu, a kowace bariki har zuwa jiha. A kuma keɓe kujera ɗaya a kwamiti wadda ba mai hawanta sai matar da mijinta ya rasu a bakin aiki. Ko sarakunanmu, da girmansu da asalinsu, ai sai masu zaɓen sarki sun zauna tukuna. Kuma sa'ad da Nana Asma'u 'yar Shehu ta tsara 'Yan Taru, jajin da take ɗora wa malfa dattijuwa ce da matan garinta suka yarda da iliminta da amanarta. Ba a tambayar sarautar mijinta.

Sai dai kuma, 'yan'uwa, kalmar zaɓe kaɗai ba ta wadatar ba, don na ga zaɓen da gara naɗi da shi. Bari in ba ku labari. A wata unguwa da na taɓa zama muna da ƙungiyar mata ta taimakon juna, muna zuba kuɗi duk wata saboda biki da suna da rashin lafiya. Aka ce za a yi zaɓe. Ba a sanar ba sai daren jajibiri. Muka taru a tsakar gidan wata hajiya mai hali. Wata ta miƙe ta ce, "Ni dai Hajiya na tsayar, ko akwai mai ja?" Muna zaune a kan tabarmarta, ga kunun gidanta a hannunmu, wa zai ja? Aka tafa. Ita kuma ta waiwaya ta nuna ƙanwarta ta ce ga ma'aji. Shekara uku ba a karanta mana lissafi ba ko sau ɗaya. Ranar da wata daga cikinmu ta kwanta asibiti aka je neman kuɗi, sai aka ce an ba da rance, wanda aka ba kuwa ba a rubuta sunansa ba. Ƙungiyar ta watse, zumunci ya lalace, har yau akwai waɗanda ba su gaisawa. Ni kaina ina cikin masu laifi, don na iya rubutu da lissafi amma na yi shiru saboda kunya.

Daga nan na koyi cewa rabin zaɓe yana wurin tsai da 'yan takara. A sanar da rana tun da sauran mako uku ko huɗu. A fito da littafin sunayen membobi, a karanta shi a bainar jama'a, don a san mai ƙuri'a da 'yar rakiya. Duk mai son tsai da wata ta rubuta sunanta a takarda, wata ta goyi baya, wadda aka tsayar kuma ta amsa da bakinta cewa ta yarda. Wadda ba ta iya rubutu ba ta faɗa wa masu shirya zaɓen a keɓe. Masu shiryawar kuwa kada su zama 'yan takara, kuma a yi taron a makaranta ko wani wurin da ba gidan kowa ba. Kada shugaba da ma'aji su fito daga gida ɗaya. Tsohuwar ma'aji ta karanta abin da ya shigo da abin da ya fita kafin a jefa ƙuri'a, ba bayan an jefa ba, don ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Batun yadda za a jefa ƙuri'ar shi ya fi muhimmanci a bariki. Iyayenmu sun tuna zaɓen ƙananan hukumomi na Disamba 1990, na ƙato bayan ƙato, inda kowa ke bin layi a bayan hoton wanda yake so. An yabe shi don ya rage maguɗi. Amma a wurin da mijin wannan ke sara wa mijin waccan kowace safiya, bin layi ko ɗaga hannu ba zaɓe ba ne. Matar kurtu ba za ta tsaya a bayan abokiyar takarar matar oga ba, ko da zuciyarta na can. Sai dai takarda a ninke, a jefa cikin akwati, a ƙirga nan take a gaban kowa. Ga waɗanda ba su yi makaranta ba, a ba kowace 'yar takara alama, wannan tulu, waccan fitila, a dangwala a bayan labule.

Ku kuma 'yan mata da ke makaranta, kada ku ga kamar wannan magana ta iyayenku ce kaɗai. Matan Arewa ba su sami damar jefa ƙuri'a ba sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976, bayan su Hajiya Gambo Sawaba sun sha ɗauri da duka a kan neman wannan haƙƙi. Ni a ajina na daina naɗa monita da kaina. Nakan yanka takarda in raba, yara su rubuta suna, mu ƙirga a kan allo. Karo na farko duk suka zaɓi yarinyar da ke zuwa da alewa. Bayan wata ɗaya aji ya cika da datti, suka zo da kansu suka ce Malama a sake. Na ce a'a, sai wa'adinta ya cika ƙarshen zango. Da zango ya ƙare suka zaɓi wata 'yar shiru-shiru da ke zama a baya, 'yar wani kofur, wadda ni kaina ban taɓa kawo ta a raina ba. Ita ce har yanzu ke riƙe da makullin kabad ɗin littattafai.