Wa Ya Cinye Jatan Landen Maigida?

A 'yan shekarun nan ajiye kifin ado cikin akwatin gilashi ya yawaita a manyan gidaje da ofisoshi da otal-otal na Ikko da Badun da Fatakwal. Maigida ne ke saye, amma ba shi ke wahalar ba. Mai zuba abinci da safe, da canja ruwa, da goge gilashi, sau da yawa ɗan Arewa ne da ya zo neman abinci Kurmi, ko boyi, ko kuku, ko maigadi da aka ƙara masa wannan aiki a kan nasa. Saboda haka maganar kifin ado ba ta masu kuɗi kaɗai ba ce, gama idan abu ya lalace a akwatin, an san wanda a ke fara kira.

Abin da ya kan faru shi ne, maigida ya je wurin masu sayar da kifin ado, ya ga waɗansu ƙananan kifaye masu kuzari da a ke kira bab, ya kuma ga waɗansu jajayen jatan lande 'yan mitsi-mitsi, duka su ba shi sha'awa. Ya tambaya ko za su zauna tare, mai kanti ya ce ba komai. Bayan mako biyu ko uku a duba akwati ba jatan lande ko ɗaya, ba kuma gawa. Daga nan sai zargi ya hau kan yaron gida, a ce ya yi sakaci, ko ma a ce ya kwashe ya sayar. Wani har a yanke masa albashi. Wannan zalunci ne, domin kuwa ɓarawon yana nan cikin akwatin yana iyo, kuma maigida ne ya sayo shi da kuɗinsa.

Bab dangi ne babba, akwai shi a Asiya da Afirka, har a kogunan Nijeriya. Wanda aka fi gani a kantuna shi ne mai ratsi huɗu baƙaƙe a jikinsa, wanda asalinsa tsibiran Sumatra da Borneo ne. Tsawonsa bai fi inci 3 ba, amma fitinarsa ta fi girmansa. An san shi da tsinken jelar kifayen da ba su da sauri, shi ya sa masana kiwon kifi ke cewa a ajiye shi 6 ko fiye, don su shagala da junansu. Kifayen wannan dangi ba su da haƙora a baki, haƙoransu suna can cikin maƙogwaro, da su su ke niƙa abin da suka haɗiye. Ba su kuma da tumbi irin na sauran kifaye da za su cika su huta, saboda haka yini su ke suna tsince-tsince. A cikin kogi abincinsu ya haɗa da tsutsa da ƙwari da ƙananan halittu masu ɓawo. Watau jatan lande a wurin bab ba maƙwabci ba ne, abinci ne. Wanda ya haɗa su ya ba kura ajiyar nama.

Shi kuwa jan jatan landen nan, wanda asalinsa Taiwan da Sin ne, da ƙyar ya ke wuce inci ɗaya da rabi. Ba shi da abin kare kansa sai ɓawon jikinsa, ɓawon kuwa ba ya girma tare da shi. Tilas ne ya tuɓe shi lokaci-lokaci, kusan wata-wata, ya zauna da jiki mai laushi kafin sabon ya yi tauri. A wannan lokaci ne ko babba a cikinsu ba ya tsira, bab ɗaya ya fizge ƙafa, wani ya fizge gashin baki, kafin a farga sun gama da shi. Macen ta kan ɗauki ƙwai 20 zuwa 30 a ƙarƙashin cikinta har kimanin mako uku, 'ya'yan su fito ba su kai ƙwayar shinkafa ba. Waɗannan kam kowane kifi mai baki yana haɗiye su. Waɗanda suka rage kuma tsoro ya hana su fitowa kiwo, su maƙale bayan dutse har yunwa ta ƙarasa su.

Masu sayarwa suna da hujjarsu, kuma ba duka ce ƙarya ba. Su kan ce akwai mutane da yawa da suka haɗa bab da jatan lande aka zauna lafiya. Gaskiya ne, amma wane bab, wane jatan lande? Akwai wani ɗan jan bab daga Siri Lanka, mai tsawon inci 2, mai kunya da sanyin hali. Akwai kuma jatan lande da a ke kira Amano, da sunan Takashi Amano, mutumin Japan da ya yayata kiwonsa, wanda ya rasu a 2015. Shi wannan ya kan kai inci 2, yana da sauri, kuma ya fi ƙarfin bakin ƙaramin bab. Idan aka haɗa waɗannan biyu a babban akwati mai ciyayi da gansakuka da ramukan duwatsu, manyan za su iya rayuwa. To amma wannan sharaɗi ne bisa sharaɗi, mai kanti kuwa ba ya faɗinsu, sai dai ya ce ba komai ya karɓi kuɗi. Akwai ma wani bab mai ƙyalli kamar azurfa da a ke sayar da shi yana ɗan ƙarami, alhali kuwa yana girma ya wuce ƙafa ɗaya. Shi kam ba a ma maganarsa.

Abin mamaki shi ne, jatan landen da ya fi dacewa da zama da ƙananan kifaye yana nan cikin ƙasar nan, ba sai an yo odarsa daga waje ba. A Kogin Binuwai, wajen Makurɗi, akwai wani mai kauri da masana ke kira Atya gabonensis, wanda ke zama cikin duwatsu inda ruwa ke gudu. Ya kan kai inci 5 ko 6. Ba shi da ƙaho na damƙa, sai waɗansu hannuwa kamar mahuci da ya ke buɗewa yana tace abinci daga ruwa. Ba ya cin kifi, ƙaramin bab kuma ba ya iya cinsa. Buƙatarsa ita ce ruwa mai motsi, da kogon ɓuya don ranar tuɓe ɓawo. Amma kada a ruɗa shi da manyan jatan landen nan masu dogayen hannuwa na tafkin Ikko da kogunan Kurmi, irin waɗanda a ke sayarwa don miya. Su ne ke juya labarin, da dare su kama kifi yana barci su cinye.

Ba kullum ne kifi ke da laifi ba. Waɗansu daga cikin magungunan da a ke ɗiga wa kifi idan farin ƙurji ya fito masa suna da sinadarin jan ƙarfe, wanda ke kashe jatan lande ko da kaɗan ne. Ruwan famfo mai kulorin ma haka, in ba a sa masa maganin kashe kulorin ba. Ga ɗauke wuta, wanda ke tsai da injin iska, ruwan ɗumi irin na Ikko kuwa ba ya riƙe iska sosai. Injin tace ruwa ma ya kan zuƙe 'ya'yan idan ba a rufe bakinsa da soso ba. Duk waɗannan ba abin da yaron gida zai sani ne ba sai an koya masa, kuma wanda ya sayar da kayan shi ya kamata ya koyar.

Ya kamata masu kantin kifin ado su daina sayar da bab mai ratsi tare da ƙananan jatan lande ga mai akwati ɗaya. Maigidan da ke son duka biyu ya sayi akwati na biyu, ƙarami ma ya isa jatan lande. Dabbar da mutum ya tsare a gidansa haƙƙinta yana wuyansa, kuma wannan ba sabon zance ba ne ga Musulmi ko Kirista. Shi kuma ma'aikacin da aka damƙa wa akwatin, ya ƙirga abin da ke ciki a gaban maigida tun ranar da aka kawo, ya kuma faɗa masa da ladabi cewa waɗannan biyu ba sa zama tare. Idan ya ga wani abu fari garai mai siffar jatan lande kwance a ƙasan akwati, kada ya firgita. Wannan tsohon ɓawo ne, mai shi yana ɓoye, kuma a bar shi nan don su kan cinye shi ya ƙara musu taurin sabo. Wanda ya mutu jikinsa ba ya zama garai haka, ya kan yi ja-ja kamar dafaffe, shi ne a ke cirewa nan da nan kada ya ɓata ruwa.