Makin Otal A Kan Farantin Abinci: Wa Ke Biyan Kuɗin Gyarar?

A ƙasar Amurka, mutum kan shiga gidan cin abincin da ba shi da wata alaƙa da otal, ya ci ya sha, ya biya da katinsa na banki, bayan 'yan kwanaki ya tarar an zuba masa maki a asusunsa na kamfanin Hilton ko Marriott ko IHG. Idan makin ya taru, sai ya kwana a ɗaya daga cikin otal-otal ɗin kamfanin ba tare da ya biya kuɗin ɗaki ba. Abu ne da ke iya jan hankalin ɗan kasuwa mai yawan tafiye-tafiye, haka nan masu otal-otal da gidajen abinci na ƙasar nan za su iya sha'awar kwaikwayonsa. Amma kafin a kai ga haka, ya kamata a san wanda ke ɗaukar nauyin wannan kyauta, domin kuwa banza ba ta kai zomo kasuwa.

Wannan al'ada ta samo asali ne daga kamfanonin jiragen sama. A 1981 kamfanin American Airlines ya fito da shirinsa na saka wa fasinjojin da ke yawan hawa jiragensa. A 1983 Holiday Inn da Marriott suka ɗauki wannan dabara suka kai ta harkar masauki, Hilton kuma ya bi sahu a 1987. Da farko sai wanda ya kwana a otal ake ba maki. Daga baya kamfanonin suka gane cewa makin kansa haja ne da za a iya sayar wa bankuna da kamfanonin hayar motoci da sauransu, su kuma su raba wa abokan cinikinsu. Ta wannan ƙofa ce gidajen cin abinci suka shigo.

Wanda ke tsakiyar wannan ciniki shi ne wani kamfani mai suna Rewards Network da ke birnin Chicago, wanda aka kafa a 1984 da sunan Transmedia Network. Shi ne ke gudanar da shirye-shiryen cin abinci na manyan kamfanonin otal da na jiragen sama na Amurka, ko da yake kowanne na ɗauke da sunan kamfanin da ya mallaki makin. Mai son shiga yakan yi rajistar katinsa na banki kyauta. Duk lokacin da ya biya da wannan kati a gidan abincin da ke cikin shirin, na'ura ce ke gane shi, ba sai ya nuna wata shaida ba. A shirin Hilton, alal misali, an tsara matakai uku: maki 2 a kan kowace dala ga ɗan shiri na gama-gari, maki 5 ga wanda ya yarda a riƙa aiko masa da saƙonnin talla, da maki 8 ga wanda ya ci abinci sau 11 cikin shekara guda.

Mai gidan abinci ne ke fara biyan kuɗin. Ko dai ya riƙa ba kamfanin dillancin wani kaso daga cinikin da ya yi da 'yan shirin, ko kuma ya karɓi kuɗi a dunƙule tun da farko, ya riƙa biya da abincin da 'yan shirin za su ci nan gaba. A tsarin Transmedia na asali, abincin da mai gida zai bayar kan kai kusan ninki biyu na kuɗin da ya karɓa. A 2004 wasu masu gidajen abinci a jihar California suka kai kamfanin ƙara, suna cewa wannan bashi ne mai ruwa fiye da kima da aka sauya wa suna. Daga bisani aka sasanta. Ko da an bar batun shari'a a gefe, akwai abin dubawa ta fuskar ciniki. Idan shirin ya kawo sabon baƙo, mai gida ya ci riba. Idan kuwa wanda ya saba zuwa ne ya yi rajistar katinsa, to mai gida yana biyan la'ada a kan cinikin da dama can nasa ne. Kuɗin da ya fita kuma sai ya nemi hanyar dawowa, galibi ta farashin abincin da kowa zai biya, har da wanda bai taɓa jin labarin maki ba.

Shi kuma mai cin abincin, ribarsa ba ta kai yadda tallar ke nunawa ba. Masu ƙiyasin darajar maki sukan ce maki 200 na Hilton sun yi daidai da dala 1 ko kusa da haka. Ke nan wanda ya ci abincin dala 100 a matakin maki 5 zai samu maki 500, wato abin da bai wuce dala 2 da rabi ba. A ɗauka ɗakin da yake buri ana bayar da shi a kan maki 50,000. Sai ya kashe dala 10,000 a gidajen abinci kafin ya kwana dare ɗaya. Wanda ya bar inda abinci ke da sauƙi ya tafi inda ya fi tsada da dala 5 domin neman maki, ya riga ya yi hasara tun bai tashi daga kan teburi ba.

Babban abin lura shi ne, maki kuɗi ne da kamfani ke bugawa da kansa, shi ne kuma ke yanke darajarsa. Shekarar 2020 ta fito da wannan fili. Lokacin da annobar korona ta rufe otal-otal, Hilton ya sayar wa American Express maki na dala biliyan 1 a dunƙule, Marriott kuma ya karɓi dala miliyan 920 daga Chase da American Express ta hanyar yarjejeniyar katunan da suke fitarwa tare. Makin da ake gani kamar tukuici shi ne ya zama jarin da aka jingina da shi ranar wuya. Daɗin daɗawa, Hilton ya daina aiki da tsayayyen jadawalin farashin ɗakuna da maki a 2017, Marriott ma ya yi haka a 2022. Tun daga lokacin, yawan makin da ɗaki zai ci yana hawa da sauka ne yadda kamfani ya ga dama. Ɗan kasuwar da ya ga yadda naira ta tashi daga kimanin 460 a kan dala ɗaya a farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024 ya san illar ajiye dukiya a kuɗin da darajarsa ke hannun wani. Bambancin kawai, babban banki yana da majalisar da za ta tuhume shi, kamfanin otal kuwa sharuɗɗan shirinsa sun ba shi ikon sauya ƙa'ida duk lokacin da ya so.

Akwai kuma biya na uku, wanda ba a yi da kuɗi. Tazarar da ke tsakanin maki 2 da maki 5 ta nuna farashin da aka sa wa adireshin mutum da yardarsa a riƙa yi masa talla. Katin da aka yi wa rajista yana bayyana inda mai shi ke cin abinci, da ranar, da nawa ya kashe. Irin waɗannan bayanai ba kullum suke zama a inda aka ajiye su ba. A 2018 Marriott ya sanar cewa an kutsa cikin rumbun bayanan Starwood, kamfanin da ya saya a 2016, kuma abin ya shafi bayanan baƙi sama da miliyan 300. Hukumar kare bayanai ta Ingila ta ci shi tarar fam miliyan 18.4 a 2020.

Duk da haka, ba adalci ba ne a ce shirin ba shi da amfani. Shiga kyauta ne, kuma makin ƙari ne a kan wanda katin bankin ke bayarwa. Makin Marriott yakan mutu idan aka yi wata 24 ba a motsa asusu ba, saboda haka cin abinci sau ɗaya na iya ceto abin da aka daɗe ana tarawa. Haka nan ba duka shirye-shiryen ne suka zama ɗaya ba. Kamfanin Accor na Faransa ya tsayar da darajar makinsa: maki 2,000 daidai suke da yuro 40, mai shi ya san abin da ke hannunsa. Hanyar da ta dace ita ce a ɗauki maki kamar gyarar da mai awo ke ƙarawa bayan an gama ciniki. Mai hankali yakan karɓi gyara ya yi godiya, amma ba ya sayen mudun da ba ya bukata saboda ita. Kuma a kashe makin da wuri, tunda ba ya ƙara daraja a ajiye.

Shugabannin kamfanoni na da nasu abin dubawa. Ma'aikacin da aka tura aiki da kuɗin kamfani, amma makin ke shiga asusunsa na kansa, yana iya zaɓar wuri mai tsada ba don amfanin aikin ba. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. A Jamus, irin wannan batu game da makin jiragen sama ya sa wasu 'yan siyasa sun yi murabus a 2002, kuma a 2006 kotun ƙoli ta harkokin ƙwadago ta ƙasar ta yanke cewa makin tafiyar aiki na wanda ya biya kuɗin tafiyar ne. Ya fi kyau kowane kamfani ya rubuta ƙa'idarsa tun kafin saɓani ya taso.

A Nijeriya akwai otal-otal da ke ƙarƙashin waɗannan sunaye, kamar Transcorp Hilton da ke Abuja da Marriott na Ikeja wanda aka buɗe a 2021, kuma baƙon da ya sauka yakan samu maki a kan abincin da aka rubuta a lissafin ɗakinsa. Amma shirin da ya haɗa gidajen abinci na waje tsari ne na Amurka, wanda ya ginu a kan yawan amfani da katin bashi. Mai otal ko gidan abinci na ƙasar nan da ke son yin nasa ya tuna cewa kowane maki da ya bayar bashi ne a wuyansa. Ƙa'idar lissafin kuɗi ta IFRS 15, wadda ta fara aiki a 2018, ta wajabta a ware kuɗin makin da ba a kashe ba tukuna, kada a ƙirga shi cikin kuɗin shiga. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 kuma ta ɗora wa mai tattara bayanan jama'a alhakin tsare su. Bugu da ƙari, a lokacin da farashin shinkafa da man gyaɗa da dizal ke sauyawa, alkawarin da aka yi yau zai fi tsada ranar cikawa.

Saboda haka, wanda zai fito da irin wannan shiri ya bayyana darajar makinsa da naira ƙarara, ya faɗi ranar da zai mutu, ya kuma auna ko baƙin da ke zuwa sababbi ne ko tsofaffi. Abokin ciniki na iya yafe abincin da gishiri ya yi wa yawa, amma da wuya ya koma wurin da aka rage masa abin da aka yi masa alkawari.