Kyafa kifi a gida: Hayaƙi ake so, ba harshen wuta ba



Duk wadda ta leƙa kasuwar kifi ta Baga Road kwanan nan ta san kuɗin banda ba na wasa ba ne. Shi ya sa wasu gidaje a Maiduguri suka koma sayen ɗanyar tarwaɗa wajen masu kiwo, su kyafe abinsu. Wata maƙwabciyata ta sa an yanka mata durom, an ɗora raga a kai. Ranar farko ta shigo da kifi baƙi ƙirin ta ce, "Yaya, ɗanɗana ki ji, me ya sa yake ɗaci?" Da na je na duba, wuta ce ke ci balbal, man kifin na ɗiga a cikinta.

Uwargida, itace ba lokaci guda yake ƙonewa ba. Da farko ruwan jikinsa ne ke fita, ki ga farin hayaƙi mai kauri da ke sa hawaye. Daga nan sai ya fara cin ciki a hankali, babu harshe, hayaƙin ya koma siriri mai ɗan shuɗi. A nan ƙamshin banda yake. Amma idan wuta ta tashi, zafi ya haura digiri 400, musamman in mai na ɗiga a kanta, sai hayaƙin ya ƙara ɗaukar wasu sinadarai da ake kira PAH, su manne a jikin kifin. Ɗaya daga cikinsu, benzopyrene, cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a sahun farko na abubuwan da ke haddasa cutar. Wannan ba ya nufin a daina miyar banda. Abin da ake gudu shi ne ƙonanne, ana ci yau da gobe.

A Kanada akwai kamfanin Bradley da ke ƙera na'urar kyafa abinci ta gida. Garin katako suke dunƙulewa, faɗinsa kamar ƙaramar waina. Kowane dunƙule minti 20 kacal yake yi a kan ƙarfe mai zafi, yana hayaƙi ba tare da ya kama da wuta ba, sai na bayansa ya turo shi ya faɗa kwanon ruwa ya mutu. Ba na cewa ki nemi na'urar, ga tsada ga halin wutar lantarkinmu. Dabarar za mu ɗauka: ƙanƙanin itace, ɗan lokaci, a sake wani.

Ki fara haɗa garwashi, ki bari harshen ya kwanta, sannan ki ɗora guntun busasshen itace ɗaya ko biyu. Marke, ƙirya ko mangwaro duk suna yi. In ya kama, ki rage ƙofar iska ko ki zare shi. Ki ɗaga ragar ta yi nesa da wutar, ki sa tsohon faranti a tsakani ya riƙa tare man.

Inda na fi jan kunne shi ne abin da ake jefawa a wuta. Katako mai fenti, falanki mai gam, leda, roba, tsohuwar taya, duk hayaƙinsu cikin tukunyar yaranki zai ƙare. Kuma a tsakar gida ake wannan aiki, ba a rufaffen kicin ba, domin garwashi na fitar da iskar da ba ta da wari amma tana kisa. Mai goyo da mai asma su matsa gefe.

Na kasuwa kuwa, ki zaɓi mai ruwan ƙasa-ƙasa, ki kankare inda ya ƙone, ki wanke da ruwan zafi.

Maƙwabciyar tawa ta sake gwadawa ranar Asabar. Ya ci mata kusan wuni guda, tana ta mita, amma kifin ya fito jawur. Biyu ta aiko mini.