Gawa ta wa ce?

Ranar 20 ga Disamba 1986 fitaccen lauyan nan na Kenya, S.M. Otieno, ya rasu. Ba a kai shi makwancinsa ba sai watan Mayun 1987. Wata biyar gawarsa na ɗakin ajiye gawarwaki, lauyoyi na ja-in-ja a kanta kamar gonar gado.

Matarsa Wambui, 'yar ƙabilar Kikuyu, ta ce maigidanta ya faɗa mata a binne shi a gonarsu ta Ngong, kusa da Nairobi. Danginsa na Umira Kager, 'yan ƙabilar Luo, suka kafe cewa ɗansu ne, sai dai a kai shi garin kakanninsa, Nyalgunga. Kotun ɗaukaka ƙara ta ba dangi gaskiya bisa al'adar Luo. Matar da ta yi shekara ashirin da uku a gidansa, ta haifa masa 'ya'ya, ko wajen binnewar ba ta je ba.

A ganinmu an zalunci Wambui. Laifin kuwa na masu yin doka ne, da suka bar giɓi kan wanda ke da haƙƙin binne mamaci har alƙalai suka koma lalube cikin al'ada. Kuma giɓin na nan, ba a Kenya kaɗai ba. Da tsohon shugaban Zambiya Edgar Lungu ya rasu a Afirka ta Kudu a watan Yunin 2025, sai da wata kotu a Pretoria ta dakatar da jana'izar da iyalinsa suka shirya, domin gwamnatin ƙasarsa ta ce ita ke da haƙƙin binne shi a Lusaka.

Mu da muka saba wanda ya rasu da asuba kafin azahar an yi masa sutura, sai mu ga abin kamar almara. Amma a nan ma yakan taso: mutum ya musulunta, ko ya yi aure a wata ƙabila, ranar da ya cika sai ga mutanen garinsu da motar ɗaukar gawa, matarsa kuma ta riga ta aika a sayo likkafani.

Muna kira ga majalisu su rubuta jerin masu haƙƙi ƙarara. Wasiyyar mamaci ta zo farko, muddin akwai shaidu ko rubutu. Sai mata ko miji, sai 'ya'ya, sannan sauran dangi. A kuma wajabta wa kotu yanke hukuncin irin wannan ƙara cikin kwana uku, har da ranakun hutu.